Ido-Ɗaya da Aron Almakashi

Bango ɗaya ne tsakanin shagona da nasa. Ni tela ne, shi mai hoto. In na taka keke yana ji, in ya yi tari ina ji, a haka muka tsufa. Allah ya jiƙansa.

Ido-Ɗaya ake ce masa, ba don yana da wata nakasa ba. Yawan leƙa kyamara ne ya sa idonsa na hagu ya saba da rufewa, har ko gaisawa kuke yi sai ka ga ya kanne shi kamar yana auna ka. Ni kuma Ango yake kira na. Ya ce tunda yake bai taɓa ganin mutumin da ke fitowa aiki kullum kamar yau za a kawo masa amarya ba sai ni. Na nuna masa sunan bai yi min ba. Amma ina amsawa, da sauri ma.

A wani babban shagon hoto ya koyi aiki, irin mai labule da furen roba da zanen jirgin sama a bango. Aikinsa a can shi ne ya ce wa mutane su ɗaga haɓa, su haɗa gwiwa, kada su motsa. Ya ce in ya wanke hotunan sai ya ga duk fuska ɗaya ce, fuskar mutumin da aka ce kada ya motsa. Da ya samu tasa kyamarar sai ya fito titi.

Titin namu ba wani babba ba ne. Layin shaguna ne ta wannan gefe, ta can kuma wurin jiran bas, da dogon bencin siminti a ƙarƙashin rumfar kwano. Bas ɗin asibiti da ta kasuwa duk nan suke sauke mutane. Da hantsi sai ya rataya kyamara ya tsallaka, ya jingina da sandar rumfar kamar shi ma mota yake jira. Ba ya tambayar kowa. Sai dai ka ji ƙas, ka waiga, ka ga mutum yana kallon sama.

Tambayar a baya take zuwa, kuma nan ne ya bambanta da sauran. In ya wanke hoto ba ya nuna wa kowa, ko matarsa, sai ya nemo mai fuskar. Wani a washegari ya same shi a bencin, wani sai an yi makonni. Sai ya ja shi gefe, ya juya wa jama'a baya, ya zaro hoton daga aljihun gaba ya ce, "Ga ka nan. Me za a yi da kai?" In mutum ya yarda, hoton ya shiga akwatin gilashin da ke rataye a ƙofar shagonsa, kowa ya gani. In ya ƙi, sai ya ɗauko baƙin fim ɗin da ake wanke hoton daga cikinsa ya yanka shi a gaban idonsa.

To, mutumin nan bai taɓa mallakar almakashin kirki ba.

"Ango, ara min almakashi."

"Wa kuma ya ƙi yau?"

"Ba ruwanka. Kawo."

"Na yadi ne fa, ba na roba ba. Kana dakushe min shi."

"In ya dakushe mutane sun huta da ɓarnar kaya."

Haka muke yi. Ban taɓa ganin fuskar da aka yanka ba, amma nakan ga masu ita suna fitowa. Akwai wani babban mutum mai ƙaton ciki da barci ya sace a bencin, baki buɗe. Wannan da kansa ya karɓi almakashin ya yi wa fim ɗin gutsi-gutsi, ya zuba a aljihu ya tafi da shi. Akwai mai sayar da lemo da ta ce lallai a sa ta a tsakiyar gilashi, dangin mijinta su ga ba yawo take fitowa ba. Akwai direban da bai jira an kai ga tambaya ba, ya ji ƙas ɗin ya sauko ya wanka masa mari. Na fito da dutsen guga a hannu, wai zan shiga faɗa, ni da ko kaza ban taɓa kora da ƙarfi ba. Ido-Ɗaya ya riƙe kunci ya ce, "Koma, Ango. Fuskarsa ce na taɓa, ya taɓa tawa."

Sau ɗaya na ga yankan ya dame shi. Wani magidanci ne ya ɗauka yana goye da jaririya a baya, yana jijjiga ta a bakin titi. Mutumin ya ji kunya ya ce a yanka. Bayan shekaru ya dawo yana tambaya ko akwai saura, yarinyar ta rasu, ba su da hotonta ko ɗaya. Ranar Ido-Ɗaya bai tsallaka titi ba. Daga nan ya ƙara zaɓi na uku. Ya samo wani tsohon gwangwanin biskit, ya riƙa cewa, "Gilashi, almakashi, ko gwangwani?" Wanda ya shiga gwangwani ba a yanka shi ba, ba a kuma nuna shi. Yana nan har mai shi ya canza magana.

Yanzu bari in zo kaina, tunda ba wanda zai zo.

Ina son shiga gilashin nan. Na gaya wa kaina don talla ne, mutane su ga ɗinkina a jikin mai shi. Kullum da hantsi, daidai lokacin da yake tsallakawa, sai in tuna ƙofar shagona na bukatar shara. In fito da riga mai guga, tef ɗin awo a wuya, in yi shara kaɗan, in dogara da tsintsiya ina kallon nesa kamar mai tunanin makomar duniya. Ba wurin da ya kai ƙofar shagona tsabta a layin nan.

Kuma na shiga gilashin, ba zan yi masa ƙarya ba. Gwiwar hannuna ta shiga, a gefen hoton wani ɗan dako. Kunnena ya shiga, a bayan mai lemo. An taɓa samun ƙeyata da rabin hula.

Uwar yarana ce ke kawo min abincin rana a wancan lokacin. Mace ce marar yawan magana, amma in ta yi ɗaya sai ka kwana kana juya ta. Takan tsaya a gaban gilashin da kwano a hannu, ta duba a hankali, sannan ta shigo.

"Maigida, na ga kunnenka. Ya fito da kyau."

"Ajiye kwanon nan."

"Ka yi haƙuri. In aka ci gaba a haka, wata rana za a tara ka a samu mutum guda."

Na taɓa cire kunya na tambaye shi dalili. Ya kanne idon nan ya dube ni daga hula har takalmi.

"Kai kullum a shirye kake, Ango. Ni ba na ɗaukar wanda ya shirya. In kana so shigo ciki in yi maka na fasfo."

Ban yi masa magana ba har washegari, sai da ya zo aron almakashi.

Ba kaina kaɗai nake yi wa ado ba, har ita. Ni nake ɗinka mata, ni nake zaɓo mata takalmi. Ido nake bi. Na taɓa sayo mata wasu masu ruwan toka, masu siririn baki da ɗan maɓalli a gefe, na ce matar tela ba ta fita da silifas. Ta sa, ta taka ɗaki sau biyu, ta ce sun yi. Su take sawa duk inda za ta da muhimmanci.

Ta riga ni tafiya, shekaru da dama ke nan. Ciwon ya daɗe a ƙirjinta kafin mu sani. Mu, nake cewa. Sai da ya kwantar da ita aka fara maganar asibiti a gidana, daga nan kuma abin bai ja ba.

Zamani ya juya. Waya ta shigo hannun kowa, kowa ya zama mai hoto. Ka zame a titi, kafin ka miƙe an ɗauke ka, kafin ka isa gida surukarka ta gani. Ido-Ɗaya ya koma hoton fasfo, yana ce wa mutane su ɗaga haɓa, abin da ya gudo daga gare shi. Yakan zauna a ƙofa yana kallon samari suna ɗaukar wanda ya faɗi da wanda ke faɗa da wanda ke kuka, ya ce, "Ango, ka ga duk sun zama ni. Amma ba wanda ya zo maka aron almakashi." Sannan yanar ido ta sauko masa, ta fara da idon aikin, ta bi da wanda ya saba rufewa. Aka yi aiki bai yi ba. Ya rage yana ganin haske da duhu kawai. Duk da haka kullum sai an kawo shi shago, ya zauna a kujerar roba tsakanin ƙofarsa da tawa, yana gane mutane da tafiyarsu.

Autarsa ce ke kawo shi. Yarinya ce mai zafin nama, a gabana aka haife ta, ni na ɗinka mata rigar makaranta ta farko. Ta yi karatu, tana aikin da ya shafi kwamfuta, ban taɓa gane takamaimansa ba. Ita ce ta ga tarin baƙaƙen fina-finan hotunan uban suna cin ƙura ta ce ba za su lalace a banza ba. Ta kwashe su zuwa gida, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana shigar da su kwamfuta. Ta tura wasu ga masu wani zauren baje hotuna a tsakiyar gari. Mutanen suka zo da kansu, suka durƙusa suka gaishe shi, suka ce za su ba shi zauren duka, da sunansa a ƙofa.

Ya yi kamar abin bai dame shi ba. Amma da yamma ya matso da kujerarsa ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ango, kana da yadi mai ɗan kyau?"

Mutumin da ya yi rayuwarsa da riguna biyu masu aljihun gaba. Na auna shi ina dariya, shi ma yana yi.

Ana saura kwanaki a buɗe baje hotunan, sai ga Auta ta faɗo shagona ko sallama ba ta gama ba.

"Baba Ango, albishirinka! Ka fito!"

"Wane ɓangare nawa?"

"Duka! Daga hula har takalmi, har da tsintsiya. Kuma shi suka zaɓa na bakin ƙofa, sun buga shi tsayin mutum. Kai da Mama ne, Allah ya jiƙanta."

Na ji ta ce da Mama. Na ji sarai. Amma kunnena ya riga ya tsaya a kan duka. Na ce ta nuna min, ta ce a'a, sai ranar buɗewa, tana so ta ga fuskata. Ban matsa ba. Na ajiye ɗinkin mutane na yanka wa kaina sabuwar riga. Na gaya wa mai aski, na gaya wa mai gyaran babur, na kira 'ya'yana a waya ɗaya bayan ɗaya. Har wani mai jiran bas da ya shigo tambayar hanya na gaya wa.

Washegari da aka kawo Ido-Ɗaya na fito na tsaya a kansa.

"To, malam mai ba na ɗaukar wanda ya shirya. Ashe ka ɗauka ka ɓoye. Hassada ce?"

"Me kake faɗa?"

"Tambayi 'yarka. Ni ne a bakin ƙofa."

Ya juya fuska wajen da yake jin motsinta. "Auta, wane hoto ne?"

"Wanda Mama ke zaune a benci, Baba. Ta gefe ka ɗauke ta. Ta rungume wata babbar ambulan irin ta hoton asibiti, ta cire takalmi ɗaya. Tana kallon tsallaken titi, Baba Ango na can ƙofar shago ya dogara da tsintsiya. Wallahi duk wanda ya gani sai ya yi shiru. Shugabar zauren sai da ta share ido."

Bas ta zo ta sauke mutane ta tafi.

"A ina kika samo shi?"

"A cikin wani gwangwanin biskit, can ƙasan kwali."

"Ku shigar da ni ciki," ya ce.

Shagona muka shiga, don nasa ya cika da kwalaye. Na kawar da yadi na zaunar da shi a kan bencin masu jiran ɗinki. Ya fara yi wa Auta bayanin gwangwanin, wanda ba ta taɓa ji ba, don tun kafin ta yi wayo aka daina buɗe shi. Sannan ya juyo wajena, bai dai daidaita inda nake ba, madubi yake yi wa magana.

Ya ce da hantsi ne. Uwar yarana ta sauko daga bas ɗin asibiti, ba ta tsallako ba, ta zauna. Shi yana jingine da sanda, taku kaɗan daga gare ta, ba ta ma lura da shi ba. Ya ce bai taɓa ganin fuska irin wannan ba, hannunsa ne ya ɗauka kafin ya yi shawara. Bayan kwana biyu da ta kawo abinci ya tare ta a ƙofa, ya juya baya, ya nuna mata.

"Ta daɗe tana kallo. Na ce gilashi, almakashi, ko gwangwani. Ta ce kada in sa a gilashi, kada kuma in nuna maka. Na ce to bari in aro almakashi. Ta ce a'a, bar shi. Ta ce, shi kaɗai ne hoton da ka fito duka a ciki."

Na tuna ranar? Ban sani ba. Ranakun duk iri ɗaya ne. Na dai san in kyamara ta juyo wajena ba na ganin komai a titin nan sai ita.

Auta ta zauna a kan kujerar keke. Ta ce ba ta sani ba, kuma gaskiya ta faɗa. Amma ba ta sauka daga maganarta ba.

"Baba, ka saurare ni. A titi ne. Na tambaya tun farko, ba dokar da ta hana, duk wanda ya zauna a bencin jama'a ana iya ɗaukarsa. Ba tsiraici ba ne, ba abin kunya ba ne, girmama ta ma aka yi. Kuma sun gina komai a kansa, shi ne a katin gayyata da za a buga gobe. In na ce a cire yanzu, za su ce mu jira wani zagayen. Baba, kai ka san ba ka da lafiyar jira."

"Na sani."

"To?"

"Ban tambayi doka ba, Auta. Ita na tambaya."

"Ta rasu, Baba."

"Shi ya sa ba za ta iya canza magana ba."

Ya faɗi haka, amma hannunsa na kan sabuwar rigarsa da ke rataye kusa da shi, saura maɓallai. Yana murza bakin yadin tsakanin yatsu, bai san ina gani ba.

Sai ta juyo kaina. Ta zaro waya, ta shafa, ta miƙo.

"Baba Ango, kai ne mijinta. In ka ce a sa, magana ta ƙare. Duba ka gani."

Zan so in rubuta cewa na ture wayar na yi wata magana mai nauyi. Abin da ya faru shi ne hannuna ya tafi wajen tabarau. Na cire shi na riƙe, kamar zan goge. In ba tabarau ko allura ba na gani a tafin hannuna. Wayar ta zama wani ɗan haske mai toka-toka, da duhu a gefe ɗaya. Na kalli duhun nan iya abin da zan iya, sannan bakina ya buɗe da kansa.

"Na fito da kyau?"

Auta ta dube ni, ta dubi wayar. "Ka ɗan dushe, Baba. Kana nesa. Amma an gane kai ne, ka turo ƙirji."

Ido-Ɗaya ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. Auta na bubbuga masa baya, ita ma tana yi tana share hawaye. Ni ma na yi, tunda ba abin da ya rage.

Da ya lafa sai ya saki bakin rigar.

"Ba nasa ba ne da zai bayar," ya ce. "Ba fuskarsa ba ce. Kira su ki ce mai hoton ya ce a sauke. Fim ɗin ki mayar gwangwani. Na cikin wayar da na kwamfuta, yadda kuke yi da su ki yi."

"Babban fa? An riga an buga."

"Ki karɓo shi a naɗe." Ya juyo wajena. "Ango."

"Na'am."

"Ara min almakashi."

Da yamma ta kawo shi, naɗe kamar tabarma. Na share teburin yanka. Muka shimfiɗa shi a kife, farin bayan yana sama, na danne kusurwoyin da dutsen guga da katakon awo. Na juya baya, Auta ta ɗaga gefe ta leƙa, ta ɗauki allina ta ja layi daga sama har ƙasa, ta tsakiyar titi. Ido-Ɗaya ya karɓi almakashin, ya laluba, ya sa bakin a kan takardar inda ta ɗora masa hannu. Ya yi yanka ɗaya. Sannan ya miƙo min.

"Ƙarasa. Hannunka ya fi nawa, ko da yake ban taɓa gaya maka ba."

Na bi allin. Takarda ce mai kauri, tana ƙara kamar sabon yadi. Ban taɓa yanka abu a hankali haka ba, ko rigar da na fi tsoron ɓatawa.

Auta ta naɗe ɓangaren hagu tun yana kife, na ba ta ƙyalle ta ɗaure. Uban ya ce ta kai gida ta ajiye tare da gwangwanin. Ɓangaren dama ta juyo da shi.

To, ga ni. Wani dogon abu fari-fari, kamar an shafa man shanu a gilashi. Hula, riga, tsintsiya. Ƙirji a gaba, haɓa a sama, ba wanda ya ce in ɗaga. Ina kallon kyamara kai tsaye.

Masu zauren sun yi magana mai daɗi. Sun ce sun fahimta, sun ce suna girmama shi, sun ce za su sake duba lokacin da ya dace. Ina jin har yanzu suna dubawa. Na ƙarasa masa maɓallan duk da haka. Ya riƙa sa rigar yana zama a kujerar roba, masu wucewa na tambayarsa ko biki za shi, yana cewa daga can yake. Bai ƙara tayar da maganar ba, ni ma haka. Sau ɗaya dai, muna zaune, ya ce ba tare da ya juyo ba, "Shi ne mafi kyau da na taɓa ɗauka, Ango." Na ce na ji. Damina ta gaba ba ta same shi ba.

Kafin nan ya sa Auta ta rage ɓangarena ta sama da gefe, ta kwashe tsofaffin hotunan da rana ta cinye, ta sa ni a akwatin gilashin ni kaɗai. Ya ce a tambaye ni tukuna, ka'ida ce.

"Gilashi, almakashi, ko gwangwani?"

Kun san abin da na ce.

Da aka ba da shagonsa haya ga mai sayar da caja da murfin waya, na ciro akwatin na rataye a ƙofata. Yana nan. Masu kawo ɗinki sukan tsaya su duba, su ce, "Baba, wannan waye? Hoton ya lalace." Mai aski, wanda na cika wa kunne, ya zo ya duba ya ce ya gane tsintsiyar.

Ɗaya ɓangaren yana gidan Auta, a saman kabad. Ta taɓa ce min duk ranar da nake so in faɗa. Na ce na gode. Na san inda yake, ya isa.

Sai dai allin Auta bai bi tsakiyar titi daidai ba. Can ƙasa, a kusurwar hagu, inda yankan ya sauka, akwai abin da ya rage a nawa ɓangaren, kuma shi kaɗai ne ya fito tas a hoton duka. Takalmi ne, ƙafa ɗaya, kwance a kan siminti. Mai ruwan toka, mai siririn baki, da ɗan maɓalli a gefe. Bayansa ya lanƙwashe, kamar wanda aka daɗe ana take shi don ƙafa ta samu sarari.

Kullum da hantsi nakan fito in yi shara. Yanzu da tabarau nake fitowa, kuma tsallaken titi nake kallo, ina duba wa ya sauko daga bas bai tsallako ba.